Taurari uku a sama: wa zai kai wa makiyayin Abalak labari?

  Yau zancen sararin samaniya za mu yi, amma ƙafarmu tana nan a ƙasar Adar.

A farkon watan Nuwamba na 2024, a Yamai, gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos, reshen hukumar sararin samaniya ta Rasha, domin a ƙera mata taurarin ɗan'adam guda uku. Ɗaya na sadarwa, ɗaya na ɗaukar hoton ƙasa, na ukun kuma mai aiki da rada. Ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, shi ya yi wa ƴan jarida bayani, ya ce ƙirar za ta ci shekara huɗu, kafin nan kuma Rashawa za su ba da aron irinsu a fara aiki. Tun a watan Satumba na shekarar, a Bamako, ƙasashen AES uku, wato Mali da Burkina Faso da Nijar, suka zauna da wannan kamfani a kan magana ɗaya. Dalilan da aka bayar su ne tsaron iyaka, da kai waya da intanet inda babu, da lura da ambaliya da fari da gobarar daji.

Da labarin ya iso majalisun shayi, sai mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce shi ke nan, ɗan ta'adda ba shi da sauran maɓoya, ko ƙarƙashin aduwa ya shiga za a gan shi. Wasu kuma suka taɓe baki, suka ce ƙasar da tiyar hatsi ke gagarar magidanci a cikinta me ya kai ta sama? Ni dai ban bi ko ɗaya ba. Na farko sun ɗora wa na'urar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Na biyu kuma sun manta cewa tun kafin a haifi da yawa daga cikinsu ake amfani da tauraron ɗan'adam wajen lissafin hatsin nan da suke magana a kai.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don kada mu yi ta gardama a kan abin da ba mu rarrabe ba. Tauraron sadarwa irin na talabijin yana can nesa, wajen kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya. A wannan nisa, zagayensa yana daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa in ka kafa farantinka ka saita shi sau ɗaya, ba ka sake taɓa shi sai in iska ta karkatar. Mai ɗaukar hoto kuwa ƙasa-ƙasa yake, kilomita ɗari shida zuwa ɗari takwas, yana gudun da ya wuce kilomita bakwai a daƙiƙa ɗaya. Ba ya tsayawa a kan kowa. Ya gifta saman Azawak cikin ƴan daƙiƙoƙi, ya ɗauki abin da ya samu, ya wuce, sai kuma wata rana. Na Turai da ake kira Sentinel-2, wanda hotunansa kyauta ne ga duk mai intanet, yana komowa wuri ɗaya bayan kwana biyar, da hantsi, kuma kowane ɗigo a hotonsa fili ne mai mita goma a kan mita goma. Tabkin Tabalak zai fito sarai. Gonar albasa a Galmi za ta fito. Babur ba zai fito ba. Akwai masu kaifin da ke rarrabe abin da bai kai rabin mita ba, amma gwargwadon kaifin ido, gwargwadon ƙanƙantar filin da yake kallo a lokaci guda, kuma sai an gaya masa inda zai duba. Na rada shi ne mai ban sha'awa a wurinmu, domin ba ya jiran hasken rana. Shi ke aika siginarsa ƙasa ya saurari dawowarta, don haka dare da hadari da ƙurar hunturu ba su rufe masa ido.

To, wannan ido ba baƙo ba ne a Nijar. Bayan farin 1973, ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai. Shekara da shekaru ke nan ana zaune a bakin kogin Isa ana karanta abin da taurari ke aikowa game da ruwa da shuka da ciyawa. Akwai kuma ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka baki ɗaya, ita ma a Yamai take. Tauraron Meteosat na Turai yana aiko hoton gajimare kowane kwata na awa. Daga sanyin saman gajimaren, da daɗewar da ya yi a kan wuri, ake ƙiyasta ruwan da ya zuba, har a dajin da babu ma'aunin ruwa ko ɗaya.

Ciyawa ma haka. Ɗanyen ganye yana mayar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, na'urar kuwa tana gani. Amma hoto kaɗai ba ya isa, shi ya sa a ƙarshen damina ma'aikatan kiwo ke shiga daji. Su zaɓi wuri, su auna ɗan fili, su yanke duk ciyawar da ke ciki, su shanya ta, su ɗora a sikeli. Da wannan nauyi ake gyara lissafin hoton. Daga nan a ce saniya mai kilo 250 tana bukatar kilo shida da ɗan ɗori na busasshiyar ciyawa a rana, a ninka da watanni tara na rani, a ninka da yawan dabbobi, sai a san ko abin da daji ya haifa zai kai garke damina mai zuwa. Tun watan Nuwamba ake iya sanin inda shanu za su fara faɗuwa a watan Mayu.

Tun da ana sani, me ya sa suke faɗuwa?

Ku tuna 2004. Ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauko daga arewa ta bi ta kan gonaki da makiyaya. Kafin shekarar ta ƙare, masu lissafi sun san an yi giɓin hatsi, sun san giɓin ciyawa ya fi shi muni. Babu abin da ya ɓoyu ga tauraro. Amma agajin kirki bai iso ba sai tsakiyar daminar 2005, bayan gidajen talabijin na duniya sun nuna yara masu tamowa, bayan likitocin MSF sun cika cibiyoyinsu a Maraɗi da Tawa da Keita. A watan Agusta na wannan shekara, shugaban ƙasa Tandja Mamadou yana gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. Makiyayin da ya sayar da saniya a kan kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba, ilimin kimiyya bai gaza masa ba. Tsakanin ofis ɗin da aka ga abin da rumbun da ya kamata a buɗe ne aka yi watanni ana jan ƙafa. Haka a 2024: hasashen da masana suka fitar kafin damina ya ce za a yi ruwa fiye da yadda aka saba a yawancin Sahel. Aka yi shi kuwa. Sama da mutum 300 suka rasu a ƙasar, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A nan jihar Tawa ruwan ƙorama ya tafi da motocin fasinja, aka yi asarar rayuka gommai a rana ɗaya. Direban da ya tsaya a bakin ƙorama yana auna ruwa da ido, wa ya gaya masa abin da aka zuba can sama da shi awa biyu da suka wuce? Tauraro ya ga hadarin, shi direban bai ji ba.

Kada a ce kullum laifi nake nema, ga inda hoton sama ya yi mana rana. Shekaru da yawa ana faɗa a duniya cewa hamada na cinye Nijar, manomi kuma shi ne mai laifi, shi ke sare itace. Sai wani masani na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, Gray Tappan, tare da Chris Reij ɗan Holan da masanan Nijar, suka jera tsofaffin hotunan sama da sababbi. Cikin waɗanda suka fi yawo a duniya akwai na Galma, nan cikin Madawa: hoton 1975 fili ne fetal da ƴan itatuwa tsilli-tsilli, na 2003 kuwa gonaki ne cike da itace, alhali mutanen garin sun ƙaru. Da aka faɗaɗa binciken, aka ƙiyasta kadada miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram, waɗanda manoma suka raya da kansu ta hanyar barin tohon gawo da kalgo da sabara a cikin gona. A nan Adar kuma ga aikin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gangaren tudu. Ga layukan dogon yaro na kwarin Majiya tun 1975. Ga ramukan tassa na Illela da Badagishiri da suka mayar da faƙo gona. Duk wannan hannu ne ya yi shi. Abin da tauraro ya ƙara shi ne shaida, wadda ta sa masu ba da kuɗi da masu tsara manufa suka daina yi wa manomin Nijar kallon mai ɓarna.

Irin wannan shaida ake bukata a wata magana da ta fi zafi a arewacin Adar. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta ce daga nan zuwa sama ƙasar kiwo ce. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 ba su soke wannan iyaka ba. Amma kowa ya bi hanyar Abalak ya san gonaki sun haye ta tuntuni, wasu na talakan da ƙasa ta ƙare masa a kudu, wasu na makiyayin da fari ya raba da garkensa ya koma noma, wasu kuwa shingayen masu hali ne da suka kewaye daji har da tabki. Burtali yana tsukewa shekara bayan shekara. In rikici ya tashi, manomi ya ce kakansa ya sari wurin, makiyayi ya ce tun yana yaro nan yake bi da shanu, kwamitin filaye, wato Kofo, ya rasa wanda zai gaskata. Alhali taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton wannan ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun hotunan kyauta. Ana iya nuna shekarar da aka fara noma wuri. Ana iya duba inda aka gama girbi kafin hukuma ta sa ranar sakin gonaki, maimakon a sa rana ɗaya ga mai gero da mai dawar da ba ta nuna ba. Me ya hana? Wani lokaci rashin ma'aikaci ne, wani lokaci kuwa hoton zai nuna shingen wanda ba a son a taɓa.

Sai dai kada ɗan boko ya ɗauka hoto ya fi garso, wato mai dubo wa makiyaya daji. Tauraro yana ganin kore ne kawai. In garmani ya mamaye makiyaya, hoton zai ce wurin ya yi albarka, makiyayi kuwa ya san dabba ba ta damu da shi ba. Hoton zai nuna tabki da ruwa, ba zai ce ruwan ya yi kauri har raƙumi na ƙinsa ba, ba zai ce mai rijiyar wurin ya tsawwala kuɗi ba, balle ya ce akwai masu bindiga da ke karɓar abin da suke kira zakka a kan hanya. Wanda Fulani ke turawa gaba ya dubo musu daji, da Buzun da ya san kowace rijiya da zurfinta, su ne za su cika abin da hoton ya bari.

Wannan ya kawo mu maganar tsaro, wadda ita ce ta fi tsaya wa mutane a rai. Jihar Tawa ta wuce murabba'in kilomita 100,000, kuma arewa maso yammacinta a buɗe yake da ƙasar Mali. A watan Oktoba na 2016 aka kashe sojoji 22 a Tazalit. A watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya. Ranar 21 ga Maris 2021, mahara a kan babura suka afka wa Intazayen da Bakorat da wasu zangunan da ke kusa, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe, farar hula. A watan Oktoba na 2023 sojoji 29 suka kwanta dama a wajen Tabatol. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Ku lura da kwanan watan harin Intazayen da Bakorat. A ranar, sansanin jirage marasa matuƙi na Amurka a Agadas, wanda ya ci sama da dala miliyan 100, yana aiki tun 2019. Faransawa na Yamai da nasu jiragen. Ba a taɓa tara idanu a saman Nijar kamar wannan lokaci ba, kuma babura suka shigo da rana suka yi abin da suka yi. Ba ina cewa wani ya gani ya yi shiru ba ne, ba ni da hujjar faɗin haka. Abu biyu dai sun tabbata. Idanun ba namu ba ne, masu su ke zaɓen inda za su duba da abin da za su ba mu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa Nijar ta mallaki nata, kuma na yarda da ita, musamman yanzu da Faransawa suka fita a Disamba 2023, Amurkawa suka miƙa sansanin Agadas a Agusta 2024. Abu na biyu, dajin ya fi ƙarfin kallo. Tauraron hoto kamar mai gadin gona ne da ke leƙowa sau ɗaya a kwana biyar, kuma birai sun san ranar da sa'ar. Hanyar da kowane tauraro ke bi ba asiri ba ce, ana lissafa ta. Mai babur da ke cin kilomita hamsin a awa, kafin a sauke hoton a karanta a buga waya, ya sha shayi a wata ƙasa.

Abin da tauraro ya iya shi ne abin da ba ya gudu: sabon sawun motoci da ya bayyana a inda babu, sansanin da aka daɗe ana komawa, ƙauyen da gonakinsa suka kwana biyu ba a nome ba saboda mutane sun tsere, ramukan zinariya da ke ƙaruwa. Da irin wannan ake sanin inda za a tura jirgi maras matuƙi, irin Bayraktar da Nijar ta saya daga Turkiyya suka iso a 2022, shi ne mai iya tsayawa a kan wuri awa da awanni. Shi ma ɗin yana ganin taro ne, bai san na mene ne ba. Ranar 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri ta jihar Kaduna, jirgin sojan Najeriya ya saki bam a kan masu Mauludi, mutum sama da 80 suka mutu. A ƙasar da mutane ke taruwa a bakin rijiya da dabbobi ɗari-ɗari, da rawani a fuska, wasu da babura, wannan kuskure ba shi da nisa da mu. Maganinsa mutumin ƙasa ne da zai ce wa soja, a'a, wancan taron suna ne. Mutumin nan kuwa ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata maganarsa ba za ta koma kunnen waɗanda za su zo masa da dare ba, kuma ba za a kama ɗansa don kawai kamanninsa ba. Babu kamfanin da ke sayar da wannan.

Akwai kuma tauraron da ya riga na Rasha sauka, ba tare da ya jira kowa ba. Starlink na kamfanin SpaceX, mallakar Elon Musk, dubban ƙananan taurari ne a nisan kilomita 550. Ɗan faranti da batir da allon hasken rana sun isa, ko a tsakiyar Azawak. Ya fara aiki a Najeriya a Janairu 2023, daga nan na'urorin suka riƙa tsallako iyaka a ɓoye, kafin gwamnatinmu ta ba kamfanin izini a ƙarshen 2024, ya fara aiki a hukumance a Maris 2025. Duk wanda ya taɓa hawa tudu yana ɗaga waya sama don neman rezo ya san darajar wannan abu. Mu Adarawa da rabin gidanmu ke Abijan ko Libiya ko Aljeriya wajen bida, tsohuwa ta ga fuskar ɗanta a waya, malamin asibitin ƙauye ya aika hoton ciwo ga likita a Tawa, dillalin dabbobi ya ji farashin kasuwar Badagishiri kafin ya kora, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma farantin bai san hannun da ya ɗauke shi ba. Da can wayar Turaya ce abin masu fasa-ƙwauri da masu tawaye a Sahara, mai tsada, galibi don murya. Yanzu masu bincike kan laifukan ƙetare iyaka sun ba da rahoto a 2025 cewa ƙungiyoyi masu makamai a Sahel na amfani da Starlink. Waɗanda ke farfasa turakun wayar salula don su raba talaka da hukuma, su suna da tasu hanyar ta sama. Ba da izini da rajistar kowace na'ura da sunan mai ita ya fi haramtawa, don haramci mai gaskiya kaɗai yake hanawa. Sai dai mu san makunnin ba a Yamai yake ba. Musk da bakinsa ya faɗa a 2023 cewa ya ƙi buɗe wa sojojin Yukren hanyar a kusa da Kirimiya lokacin da suka nema. Mutum ɗaya, ba zaɓaɓɓe ba, ya yanke hukunci a tsakiyar yaƙin wata ƙasa. Duk mai maganar ƴancin kai ya riƙe wannan, kuma ya yi wa aron da Rasha za ta ba mu irin wannan tambaya: wa ke riƙe da makunni, hotunan kuma ta hannun wa za su fara bi?

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003 daga Rasha. Na sadarwa, NigComSat-1, Sin ta ƙera ta harba a Mayu 2007 da niyyar ya yi shekara goma sha biyar. A Nuwamba 2008 ya mutu saboda matsalar allon hasken rana, sai Disamba 2011 aka harba madadinsa. Angola ta ba Rasha aikin nata, aka harba a Disamba 2017, ya lalace ba a ci moriyarsa ba, madadin bai tashi ba sai Oktoba 2022. Ba aibin Sin ko Rasha nake faɗa ba, harkar ce haka, har manya na yin asara. Abin da ya ceci ƙasashen biyu shi ne sharaɗin musanya da inshora. Ya kamata talakan Nijar ya ji nawa za a biya, daga wace taska, da abin da takarda ta ce in na'urar ta mutu a wata na goma sha takwas. Sannan a tuna Najeriya na da taurarin hoto a sama lokacin da aka kwashe ƴan matan Chibok a 2014. Abin koyi a wurinta shi ne NigeriaSat-X na 2011, wanda injiniyoyinta suka haɗa da hannunsu a Ingila, suka komo gida da sanin aikin.

Mu ma muna da namu tarihin. A wajen 1999 aka buɗe rediyon al'umma a Bankilare, cibiyar ACMAD ta haɗa shi da wani shiri mai suna RANET: labarin yanayi ya sauko ta tauraron kamfanin WorldSpace, mai gabatarwa ya juya shi zuwa harshen mutane, makiyayi ya ji a akwatin rediyon da ake waina wa hannu, ba ya bukatar batir. A ganina har yau ba a yi tunanin da ya fi wannan dacewa da ƙasarmu ba, domin ya fara ne daga kunnen mai sauraro ya koma sama. Kamfanin ya karye a 2008, wannan hanya ta toshe. Gidajen rediyon kuwa suna nan, sun ma ƙaru.

Saboda haka in ana lissafin shekara huɗu, a lissafa har da mutane. Ƙasar da ta haifi Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya yi ta binciken makamashin rana a Yamai tun duniya ba ta damu da shi ba, ba za a ce ba ta da ƙwaƙwalwa ba. Jami'ar Djibo Hamani tana nan cikin garin Tawa tun 2010. Karanta hoton Sentinel ba ya bukatar roka. Kwamfuta ce, da intanet, da wuta tsayayya, da malamin da ya iya. Wutar ma abin dubawa ce, don ba mu manta yadda Najeriya ta yanke mana layi a Agusta 2023 ba, kuma megawat bakwai na tashar hasken rana ta Malbaza ba za su ɗauki jiha ba. In ba a fara horar da yaran Abalak da Keita yanzu ba, ranar da taurarin suka tashi sai mu ɗauko baƙo ya karanta mana hoton gidanmu, mu biya shi.

Ga gwajin da za a iya yi a ranin nan, ba sai an jira 2028 ba. Duk shekarar da damina ta yi kyau, daga Oktoba gobarar daji ke bin Abalak da Cintabaradan da Tasara, ciyawar da za ta riƙe garke wata tara ta tafi a dare ɗaya. Ana biyan mutane su share layukan tare wuta, aiki ne mai kyau, amma wutar ba ta tashi inda aka shata mata. Taurarin hukumar NASA suna gano zafin gobara sau da yawa a yini, suna sa wurin a intanet cikin kamar awa uku, kyauta. A sa mutum biyu a ofishin kiwo ko na gandun daji a Tawa, aikinsu ke nan safe da yamma. In ɗigon wuta ya fito, su buga wa prefe da magajin gari da hakimin rukunin makiyayan wurin, gidan rediyon yankin ya katse shiri ya faɗa da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Larabci, a ambaci sunan rijiya ko kwarin da mutane suka sani, da inda iska ta dosa. A ajiye mota da mai a Abalak saboda wannan kaɗai. In rani ya ƙare, gwamna ya fito ya gaya wa jama'a gobara nawa aka gani daga sama, nawa aka sanar, nawa aka kai wa ɗauki, da awa nawa aka ɗauka tsakanin gani da isowa.